Kafin a Kai Yaro Paris, a Nuna Masa Tsohuwar Zongo

Da zarar an rufe makarantu an shiga dogon hutu, sai ka fara ganin hotuna iri ɗaya suna yawo a wayoyin mutanen Zongon Lome. Ga Alhaji da Hajiya da 'ya'yansu a gindin Hasumiyar Eiffel, kowa ya sha sabon ɗinki. Gobe suna ƙofar Disneyland, jibi suna cikin jirgin ruwa a kogin Seine. A da, in aka ce maigida ya tafi Turai, to sarin kaya ne ya kai shi ko neman magani, kuma shi kaɗai yake tafiya. Yanzu wasu masu hali sun fara kwasar iyali su tafi yawon buɗe ido, sauran jama'a kuma suna kallo a WhatsApp da TikTok, suna cewa Allah ya kai mu.

Ni ban ga laifin tafiyar ba, domin tafiya ce ta haife mu. Kakanninmu sun baro Kano da Katsina da Sakkwato da ayarin jakuna, sun bi ta Sansanne Mango zuwa Salaga neman goro. Bayan yaƙin basasar Salaga na 1892 fatake suka watse, wasu suka zauna a Kete-Krachi, wasu suka gangaro har bakin teku. Wanda ya fito daga irin wannan tsatso ba zai ce a tsare yaro a gida ba. Abin da ke damuna shi ne yadda muke yin tafiyar, da abin da yaro yake dawowa da shi.

A duba ɗawainiyar da ke ciki. Kuɗin bizar Schengen kaɗai yuro 90 ne ga babba, wato kusan sefa dubu 59, yaro mai shekara 6 zuwa 12 kuma rabin haka. Ga tikitin jirgi na mutum biyar ko shida a lokacin da ya fi tsada, ga masauki, ga abinci. Bayan duk wannan, sai a kwashe kwanakin ana gudu daga wannan wuri zuwa wancan, a tsaya a layi cikin zafin Agusta, a ɗauki hoto, a wuce. Yara sun gaji, ƙaramin yana kuka, uwa na neman inda za ta yi sallar la'asar, uba na duba waya ya ga mutum nawa suka kalli hotonsa. In an dawo ka tambayi yaron me ya gani, sai ya ce maka ya ga dogon ƙarfe. An kai jikinsa Paris, amma ba wanda ya tsaya ya buɗe masa ido.

Nuna wa yaro gari sana'a ce, kuma mun gaje ta. Madugu ba ya wuce gari bai gaya wa yaran ayari sunan sarkinsa ba, da abin da ake saya a kasuwarsa, da rijiyar da ruwanta ke shayuwa. Maigidan da ke saukar da baƙi a Zongo ma haka yake yi wa baƙonsa: ya kama hannunsa ya zaga da shi, ya haɗa shi da dillali, ya nuna masa masallaci. Alhaji Abubakar Imam ya je Ingila a 1943, ya dawo ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi, domin ya je da tambayoyi a ransa. Wannan aikin ne nake so uba ya ɗauka in ya fita da 'ya'yansa, kada ya bar wa waya.

Paris kuwa cike take da abin da ya shafi ɗan Zongo. Taku kaɗan daga Hasumiyar Eiffel akwai gidan tarihi na Quai Branly, wanda aka buɗe a 2006, yana ɗauke da dubban kayayyakin Afirka. Daga nan ne Faransa ta mayar wa Benin kayayyaki 26 na fadar Abomey a 2021, kayan da sojojinta suka kwashe tun 1892. Yaron da ya san Kwatano ta ƙasar Benin tana nan kusa da gida zai tambaya, “Baba, ta yaya kayan Afirka suka zo nan?” Wannan tambayar ta fi hoto ɗari. Akwai Babban Masallacin Paris, wanda aka buɗe a 1926 don tunawa da sojoji Musulmi da suka mutu suna yi wa Faransa yaƙi a Yaƙin Duniya na Ɗaya. A yi sallah a can, a gaya wa yara dalilin gina shi. A kai su kasuwar Château Rouge su ga atamfa da busasshen kifi da rogo, su ji harsunan gida a bakin 'yan kasuwa, su ga kuma yadda 'yan ci-rani ke fama, don kada su ɗauka Turai duk hutu ce. Wanda ya nufi Berlin kuma, a unguwar Wedding akwai titi mai sunan Togo, kuma a birnin ne Turawa suka zauna a 1884 zuwa 1885 suka tsara yadda za su raba Afirka.

Amma yaro ba zai fahimci ko ɗaya daga cikin waɗannan ba in bai san garinsu ba. Yara nawa ne a Agoè-Zongo suka san cewa unguwarsu a tsakiyar birni take a da? A 1977 aka rushe tsohuwar Zongo, aka mayar da mutanenta can arewacin gari, inda take kuma yanzu manyan gine-ginen bankuna ne. Dattawan da suka ga wannan da idonsu suna nan da ransu, suna iya nuna inda gidan kowa yake. Ga Fadar Lome, wadda Jamusawa suka gina wa gwamnansu tsakanin 1898 da 1905, aka gyara ta aka buɗe ta a 2019 ta zama gidan baje kolin fasaha, da lambu mai kallon teku. Ga ragowar ƙarafan tsohuwar gadar jiragen ruwa a bakin teku. Ga babbar kasuwa, inda matan da ake kira Nana Benz suka yi arziki da atamfar Vlisco da ake bugawa a Helmond ta ƙasar Holan. Ga gidan bayi na Agbodrafo a kan hanyar Aneho. Duk wannan kuɗin mota ne kawai da yini guda. Yaron da ya shiga Fadar Lome ya ji labarin Jamusawa, in ya je Berlin ya san abin da yake kallo.

Wani zai ce hutu hutu ne, a bar yara su yi wasa, ba makaranta aka kai su ba. Na yarda, kuma ban ce a hana su Disneyland ba. Abin da na ce shi ne a rage gudu. Wuri ɗaya a yini ya isa, a je da safe kafin yara su gaji, a ba su labarin wurin tun daren jiya, a bar su su yi tambaya, da yamma a sake su a filin wasa. A ba babban cikinsu littafi ya riƙa rubuta abin da ya gani, in an dawo ya karanta wa kakarsa da Hausa. Hoton ma a ɗauka, amma bayan an gama kallo.

Kirana ga iyayen Zongo da malaman Islamiyya shi ne su fara da abin da ke hannunsu a hutun bana. A ɗauki hayar mota ɗaya, a haɗa 'ya'yan mai kuɗi da na talaka, a roƙi dattijo guda ya shige gaba, a zaga Lome daga tsohuwar Zongo zuwa bakin teku. Ba biza, ba layin ofishin jakadanci. Wanda Allah ya hore wa ya wuce Paris daga baya, zai tafi da yaran da suka iya kallo, wanda bai samu ba kuma 'ya'yansa ba su tashi a banza ba.