Tuta a Kan Makara: Jana'izar Soja Tsakanin Bariki da Masallaci

A ƙasar Hausa, wanda ya rasu da hantsi kafin la'asar an kai shi makwancinsa. Sojan da ya faɗi a bakin daga kuwa, rundunar da ya yi wa rantsuwa tana da nata haƙƙi a kan gawarsa. Za a lulluɓe akwatin da tutar ƙasa, a ɗora hularsa da takalmansa a kai, abokan aikinsa su ɗauko shi da taku a hankali, a busa begila, a harba bindigogi sama, sannan a naɗe tutar a miƙa wa magajinsa. Daga sojan Ingila muka gaji wannan tsari, shi ya sa wasu ke ganin ba ya haɗa hanya da suturar Musulmi. A ganina ba begila ko tuta ne ke kawo saɓanin ba. Jinkiri ne, kuma faretin bai wajabta jinkirin ba.

Hujja ita ce jana'izar Laftanar Janar Ibrahim Attahiru, hafsan sojojin ƙasa, wanda jirgi ya faɗi da shi a Kaduna ranar 21 ga Mayu, 2021, tare da mutum goma. Washegari aka sallaci Musulmin cikinsu a Babban Masallacin Abuja, aka yi wa Kiristoci addu'a a coci, aka binne su a Maƙabartar Sojoji ta Ƙasa da cikakkiyar karramawa. Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali, da aka kashe a Malam Fatori ranar 4 ga Nuwamba, 2016, kwana uku ya yi kafin a rufe shi, duk da nisan bakin Tafkin Chadi daga Abuja. Ke nan idan hukuma ta so, tana iya haɗa gaggawar da addini ya nema da girmamawar da aikin soja ya tanada. Wani jinkirin yana da uzuri: sojoji 17 da aka kashe a Okuama ta jihar Delta ranar 14 ga Maris, 2024, sai ranar 27 aka binne su, domin sai da aka nemo gawarwakin aka tantance su. Abin da ba shi da uzuri shi ne kurtu ya kwana a mutuware yana jiran takarda ta wuce daga ofis zuwa ofis, matarsa ta shiga takaba, maƙwabta suna zuwa gaisuwa, amma babu kabarin da za a nuna wa 'ya'yansa.

Masu cewa harbin bindiga da busa bidi'a ce suna da gaskiya idan an cusa su cikin ibada. Amma wanka da likkafani da kabbara huɗu da kwantar da mamaci yana fuskantar alƙibla duk na nan yadda suke, faretin yana gefe. Aikinsa daban ne: ta nan ƙasa ke amsa a bainar jama'a cewa ita ta tura mutumin nan inda ya mutu, don haka marayunsa na wuyanta. Gwamnatin da ta binne sojanta a ɓoye ta fi samun sauƙin mantawa da haƙƙoƙin iyalinsa.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne na raba mamaci da maƙabartar garinsu. Sojoji da yawa da suka rasu a yaƙin Boko Haram suna kwance a maƙabartar barikin Maimalari a Maiduguri, nesa da iyayensu. Binne mayaƙi kusa da inda ya faɗi ba baƙon abu ba ne a Musulunci, domin shahidan Uhudu a can aka rufe su. Sai dai mutanen Madina sun san wurin, ƙafa na kai su. Tsohuwar da ke Zuru ko Daura tana buƙatar a sanar da ita kafin ta ji a rediyo, a kai wani nata ya tsaya a bakin kabarin, a faɗa masa layi da lamba.