Bututun da Ya Tatsi Lantarki daga Juyawar Duniya

Sau uku na karanta maƙalar nan, kuma kowane karatu sai tsigar jikina ta tashi. A watan Maris na 2025 mujallar Physical Review Research ta buga ta, aikin Christopher Chyba na Jami'ar Princeton, da Kevin Hand na cibiyar JPL ta hukumar NASA, da Thomas Chyba. Abin da suka zo da shi gajere ne a faɗe, amma nauyinsa ya fi dutse: sun ajiye wani bututu a ɗaki, babu fetur, babu rana, babu iska, babu abin da ke motsi, sai ga lantarki ya bayyana a ma'auni. Duniyar ce da kanta take juyawa da bututun ta cikin maganaɗisunta. Kai, madalla da wannan aiki!

Duk wanda ya taɓa aza kamfas a ƙasa don neman alƙibla ya ga wannan maganaɗisu yana aiki. Narkakken ƙarfen da ke motsi a can cikin duniya ne yake haifar da shi. Sirrin janareta kuwa tun 1831 Michael Faraday ya gano shi: in waya ta gifta ta cikin ƙarfin maganaɗisu, lantarki zai taso. Da wannan ƙa'ida injinan madatsar Kainji suke aiki, da ita ɗan janareton mai aski yake aiki. To, ga maganaɗisu kyauta, ga duniya tana gudu da mu dare da rana. Me zai hana a haɗa su?

Faraday da kansa ya yi wannan kwaɗayi. A 1832 ya zura farantai na ƙarfe cikin kogin Thames daga gadar Waterloo a Landan, yana son ya kama lantarkin da gudun ruwa zai tayar cikin maganaɗisun duniya, bai sami sakamako mai gamsarwa ba. A sararin samaniya kuwa abin ya tabbata. A Fabrairun 1996 jirgin Columbia ya saki wani tauraron ɗan'adam ɗaure da waya mai tsawon kusan kilomita 20, wayar ta tayar da kimanin bolt 3,500 kafin ta tsinke. Amma a doron ƙasa, inda waya take zaune daram, malaman kimiyya sun daɗe da rufe babin. Hujjarsu mai ƙarfi ce: da zarar maganaɗisu ya tura ƙwayoyin lantarkin da ke cikin waya, nan take sai su taru a gefe guda su tokare turin, kamar ruwa a ƙwarya da aka karkata, ya gangara gefe ya tsaya cik. Babu gudana, babu wuta.

Nan ne Chyba da Hand suka sace zuciyata. Ba su ce magabata sun yi shirme ba. Zama suka yi suka bi hujjar layi-layi, har a 2016 suka buga lissafin da ya nuna akwai 'yar kafa da aka tsallake. Idan aka sami abu mai jan maganaɗisu sosai amma mai raunin ɗaukar lantarki, aka ƙera shi da siffar bututu mai rami a ciki, to zai lanƙwasa maganaɗisun ta yadda ƙwayoyin ba za su iya jeruwa su tokare turin gaba ɗaya ba. Daga wancan lissafi zuwa wannan gwaji shekara 9 ke nan. Mai haƙuri shi ke dafa dutse, waɗannan kam sun sha romo.

Bututun nasu tsawonsa kusan santimita 30 ne, an yi shi da wani haɗi na manganis da zinki da ƙarfe da ake kira ferait. Suka daidaita shi kudu da arewa, suka ɗaga shi digiri 57 don ya gicciye wa maganaɗisun da kuma hanyar juyawar duniya, wadda a Princeton take gudun kimanin mita 350 a daƙiƙa guda. Ma'auni ya nuna maikurobolt 17, wato 17 cikin miliyan na bolt ɗaya.

Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne yadda suka tsananta wa kansu bincike. Sun yi gwajin cikin duhu don kada haske ya ruɗe su. Sun san bambancin zafi tsakanin bakunan ƙarfe biyu yakan haifar da ɗan lantarki, sai suka auna shi suka cire shi daga lissafi. Suka juya bututun digiri 90, lantarkin ya ɓace. Suka juya shi digiri 180, ya dawo amma ya sauya fuska. Suka kawo sandar ferait cikakkiya marar rami, shiru kake ji. Suka kwashe kayan zuwa wani gini mai nisan kilomita 5 da rabi, sakamakon ya maimaitu. Kowane mataki lissafinsu ya riga ya faɗe shi kafin ma'auni ya nuna. Wannan shi ne gani ya kori ji!

Na san za a ce maikurobolt 17 ai ba komai ba ne. Gaskiya ne, sai an jera irin bututun kusan 88,000 kafin a kamo bolt 1.5 na batirin rediyo. Akwai kuma masu ja da shi baki ɗaya: wani masani, Rinke Wijngaarden na Amstadam, ya gwada a 2018 bai ga komai ba, kuma ya tsaya kan bakansa cewa lissafin ba daidai yake ba. Ni wannan ma ƙara mini son maƙalar ya yi, domin marubutan ba su yi wa kowa alkawarin wuta kyauta gobe da safe ba. Sun baje hanyarsu a fili, sun nemi wasu masana su maimaita gwajin, su tabbatar ko su rushe. Sun kuma faɗi inda ƙarfin yake fitowa, wato daga juyawar duniya, domin babu abin da ke zuwa daga babu. A ƙiyasin Chyba, ko da mutane sun ɗebi makamashinsu duka ta wannan hanya, yini zai ƙaru da kimanin milisakan 7 ne kacal cikin shekara 100.

Ɗalibanmu na fiziya, ku nemi maƙalar nan ku karanta, kyauta take a intanet. Malamai, ku kai ta aji ku bar yara su yi gardama a kanta. Ba kullum ake samun tambayar da ta faro tun zamanin Faraday, kuma amsarta take iya fitowa daga kayan da ba su fi cikin tebur guda ba. Ni dai tun da na karanta ta, duk sanda na aza kamfas na ga allurar ta yi rawa ta tsaya, sai in tuna ƙasar da na shimfiɗa dardumata a kai tana tafe da ni gabas, fiye da mita 450 a kowace daƙiƙa. Wasu bayin Allah uku sun kasa kunne ga wannan tafiya, kuma sun ce sun ji motsinta. Ina jiran wanda zai sake saurarawa.