Taɓarɓarewar Adabi: Da Wane Ma'auni?

Duk lokacin da marubuta suka haɗu a Yauri ko Sakkwato ko Kano, da wuya a tashi ba a ce adabinmu ya taɓarɓare ba. Mu dai a ganinmu, kafin a yanke wa littafi wannan hukunci, wajibi ne manazarci ya fito da ma'auninsa fili.

Wannan zargi ba a kanmu aka fara shi ba. A Faransa, cikin 1857, kotu ta ci tarar mawaƙi Baudelaire, ta kuma haramta waƙoƙi shida daga diwaninsa bisa zargin ɓata tarbiyya. Sai a 1949 aka soke hukuncin. Yau jami'o'i na nazarin irin wannan adabi a matsayin fage mai zaman kansa, inda ake tambayar abin da ya sa al'umma ta haife shi.

A gida kuwa, cikin 1994 Ibrahim Malumfashi ya yi rubutu a jaridar Nasiha kan abin da ya kira Adabin Kasuwar Kano, muhawara ta ɓarke tsakaninsa da su Ibrahim Sheme da Yusuf Adamu. A 2007 har ƙona littattafai aka yi a Kano. Amma Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito daga wannan kasuwa a 1990, shi ne aka fassara zuwa Ingilishi a 2012, domin ya tona halin da matar da miji ya wofintar take ciki. Ashe nuna ɓarna daban, yaɗa ta daban.

Mutanen Yauri sun fi kowa sanin bambancin sauyi da lalacewa. Da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, ruwa ya cinye tsibirai da gonaki, aka tayar da Gungawa zuwa sababbin matsugunai. Wanda ya kira sauyin rayuwarsu lalacewa bai faɗi abin da ya same su ba. Ya rufe bakin bincike ne kurum.

Ba muna cewa kowane littafi na kirki ne ba. Akwai masu raunin zubi, da Hausa mai rauni, da jigon da aka ara daga finafinan Indiya. To, a nuna raunin shafi bayan shafi. Sabon marubuci zai ƙaru da wannan, amma kalmar taɓarɓarewa ita kaɗai ba ta koya masa gyara ko jimla guda.