Raha a Bakin Kabari: Nazari a kan Zane-zanen Miriam Engelberg

A shekarar 2001 likitoci suka tabbatar wa Miriam Engelberg, wata Ba'amurkiya mazauniyar San Francisco, cewa tana da sankarar mama. Shekarunta 43 a lokacin. Ba ta taɓa koyon zane ba, amma ta shiga zayyana jinyarta cikin hotunan barkwanci, waɗanda aka tara aka buga a 2006 da sunan Cancer Made Me a Shallower Person, watau ciwon daji ya mayar da ita mai gajeren tunani. A watan Oktoba na wannan shekara ta rasu, bayan cutar ta kai ga ƙwaƙwalwarta.

Jigon littafin yana cikin sunansa. Al'adar marubutan jinya a Amurka ita ce su nuna cuta ta zame masu makaranta, sun fito da hikima da jaruntaka. Engelberg ta yi wa wannan al'ada habaici. Sa'ad da ake sauraron ta tsunduma cikin zurfin tunani, sai ga ta gaban talabijin, ko tana cike wasan kalmomi na mujalla. Masu zuwa dubiya ma ba su tsira ba, musamman masu bin diddigin abin da ya jawo mata ciwon, don su kwantar da hankalinsu cewa su ba zai same su ba.

Ana iya gwada wannan da majigin zane na Charlie Brown da aka nuna a 1990, inda yarinya mai sankarar jini ta komo makaranta, gashinta ya tsiro, kowa ya yi murna. Wancan lallashin masu lafiya ne. Ita kuwa Engelberg da majinyata 'yan'uwanta take magana, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Rahar da za ta zama ƙeta a bakin ɗan kallo, a bakinta halaliya ce.

Ta fuskar salo akwai rauni. Zanen na ɗan koyo ne, sau da yawa rubutu ya cushe hoto har ya danne shi, wasu shafuffukan kuma maimaici ne. Sai dai da hannun gwani ne ya ƙawata su, da wuya mai karatu ya yarda cewa mai zanen daga ɗakin jinya ta fito.