Lafazin "Zauj" da Matsalar Fassara Shi zuwa Hausa

Daga cikin lafuzzan Alƙur'ani da ake yawan tuntuɓe da su a majalisun tafsiri akwai "zauj" da jam'insa "azwaj". Masu fassara da dama sun ɗauka cewa yana nufin abu biyu a haɗe, kamar yadda Bahaushe kan ce tantabara aure ɗaya. Manyan malaman lugga ba su tafi a kan haka ba. Ibnul Anbari, wanda ya rasu a shekara ta 328 bayan Hijira, ya yi raddi ga Ƙuɗrub da ya ce lafazin yana ɗaukar ɗaya kuma yana ɗaukar biyu. Shi kuwa Hariri, a littafinsa Durratul Gawwas, ya lissafa wannan amfani cikin kurakuran masu ilimi. A wurinsu "zauj" shi ne ɗaya wanda yake da abokin haɗi, biyun kuma "zaujani" ake ce musu. Kalmar Hausa mafi kusa da wannan ita ce "wari", kamar a ce warin takalmi.

Hujjarsu tana cikin Suratul An'am, aya ta 143 da ta 144, inda aka ambaci "azwaj" takwas, sannan aka rarrabe su: tumaki, awaki, raƙuma da shanu, kowane jinsi namiji da mace. Jimillarsu dabbobi 8. Wanda ya fassara da "aure takwas" ya mayar da su 16, ya saɓa wa lissafin da ayoyin suka yi da kansu.

Lamarin ya fi nauyi a Suratus Saffat, aya ta 22, inda aka yi umarnin tattara azzalumai da "azwaj" ɗinsu zuwa wuta. Idan aka ce "da matansu" aka yi shiru, mai sauraro zai tashi da fahimtar cewa ana kama mace da zunubin mijinta, alhali Suratut Tahrim ta buga misali ga muminai da matar Fir'auna. An ruwaito daga Sayyidina Umar cewa ana nufin ire-irensu a cikin aiki. Waɗanda suka fassara da mata kuwa sun ƙayyade da waɗanda suka yi tarayya da mazan a kan shirka. Ma'anar "iri" ɗin ta fito fili a Suratul Waƙi'a, aya ta 7, inda aka kasa mutane gida uku.

Tushen kuskuren shi ne neman kalmar Hausa guda ɗaya da za ta tsaya a kowane gurbi. "Wari" ya dace da lugga, amma bai dace da mutum ba. "Mata" ya dace da ƙissar Annabi Adamu a Suratul Baƙara, amma yana buƙatar ƙaidi a Saffat. Wajibi ne mai fassara ya duba siyaƙin aya kafin ya zaɓi lafazi, domin mafi yawan masu sauraronsa ba su da hanyar komawa ga Larabcin. Allah ne mafi sani.