Sunan da Ke Yanke Hukunci: Sharhi kan Kwatanta Mazhabobin Addinin Buddha

1.0 Gabatarwa

Littattafan da ke gabatar da addinin Buddha sukan raba shi gida biyu, wato Mahayana da Hinayana, su fassara su da "babban abin hawa" da "ƙaramin abin hawa". Wannan takarda tana ganin cewa rabon na da rauni ta fuskar harshe da ta tarihi, kuma mai fassarar da ya ɗauke shi yadda yake ya riga ya goyi bayan ɓangare guda.

2.0 Matsalar suna

A harshen Sanskirit, kalmar "hina" ba ƙanƙanta kawai take nufi ba. Ta fi kusa da "ƙasƙantacce" ko "abin raini". Mabiya Mahayana ne suka laƙaba wa waɗanda suka saɓa masu wannan suna, babu kuwa wata mazhaba da ta taɓa kiran kanta da shi. Mutanen Siri Lanka da Tailan da Miyanma da Kambodiya da Lawos suna kiran tafarkinsu Terabada, ma'ana "koyarwar dattawa". Nassosinsu, Tipitaka, da harshen Pali suke, an kuma rubuta su a Siri Lanka a ƙarni na 1 kafin haihuwar Annabi Isa. Saboda haka fassarar "ƙarami" tana ɓoye zagin ne, ba ta kawar da shi ba.

3.0 Matsalar rabo

Akwai bambanci na gaskiya. Terabada na ɗaukaka arahant, wanda ya kuɓuta daga zagayen haihuwa da mutuwa. Mahayana, a Sin da Koriya da Japan da Biyetnam, na ɗaukaka bodisatba, mai neman zama Buddha domin ceton dukkan halittu. Sai dai katangar ba ta kai tsayin da ake nunawa ba. Ruhubanawan Sin na bin dokokin zaman zuhudu na tsohuwar mazhabar Darmaguftaka, na Tibet kuma na bin na Mulasarbastibada, alhali duka biyun na cikin waɗanda aka yi wa laƙabin Hinayana.

Haka nan zaɓen kalma. Wanda ya rubuta "nirbana" da "darma" ya bi Sanskirit, wanda ya rubuta "nibbana" da "damma" ya bi Pali. Littafin da ya bayyana Terabada da kalmomin Sanskirit ya sa mata rigar aro.

4.0 Kammalawa

Ɗalibin Hausa zai gane lamarin idan ya tuna bambancin "mazhaba" da "ɗariƙa", da kuma yadda laƙabin abokin hamayya ke ɓata wa mutane rai. Ya kamata mai fassara ya kira kowane rukuni da sunan da ya zaɓa wa kansa, ya kuma faɗi harshen da ya ɗauko kowace kalma daga gare shi.