Jinjina ga masu saita kwamfuta daga nesa

Akwai ma'aikatan da mutanen Kaele ba su san fuskarsu ba, amma suna cin moriyar aikinsu. Daga Garwa ko Yawunde suke rubuta jerin umarni, su tura ta intanet ya saita kwamfutocin ofisoshi a wannan babban gari na Mayo-Kani, ba tare da kowa ya hau mota ba. Cikin kayan aikinsu akwai Ansible, manhajar da Michael DeHaan ya fitar a 2012, mai shiga na'ura ta hanyar SSH.

Ni a wurina, ranar da umarni ya cije a tsakiya ake gane gwani. Arewacin Kamaru, inda Kaele take, ya daɗe yana dogaro da madatsar Lagdo wajen samun wutar lantarki. Ruwa na ja baya da rani, sai wuta ta yi ta ɗaukewa. Kwamfutar da batirin agogonta ya mutu takan farka da kwanan watan shekarun baya, ta ƙi amincewa da shaidar tsaro, komai ya tsaya cak. Gwani ba ya saurin ɗora wa intanet laifi. Zai buɗe kundin bayanan na'urar, ya bi layi-layi har ya gano agogon, sannan ya gyara umarnin yadda ko an maimaita shi ba zai ɓata abin da ya riga ya daidaita ba. A kan kwamfuta ɗaya yake fara gwadawa.

Ga kuma haƙuri. Idan na'ura ta yi shiru, sai ya buga wa mai gadi waya, su gaisa tukuna: "Baba, don Allah duba mini ko fitilarta tana ci."